Dafin da Aka Sa wa Linzami

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma duk wanda ya taɓa gurfana gaban alƙali, ko ya tsaya gaban mahaifinsa ranar da ya yi laifi, ya san ba dukan fuskar ake tambaya ba, ɗan filin nan ne da ke tsakanin gira da gira, inda fata kan tattaru ta tsaga layi biyu a tsaye in rai ya ɓaci, ko tunani ya yi nauyi, ko rana ta kashe ido. Yaro yakan haɗe gira ya saki, wurin ya koma sumul kamar ba a yi ba. Amma wanda ya shekara arba'in ko hamsin yana haɗewa yana saki, wata rana zai duba madubi ya tarar layin ya zauna daram, ko yana fushi ko yana dariya. To, a zamanin nan akwai wata allura da ake yi wa wannan wuri, wadda ke kwantar da tsokar da ke jan gira har wata uku ko huɗu, kuma miliyoyin mutane a Amurka da Turai da Koriya ta Kudu da ƙasashen Larabawa suna biyan kuɗi a yi musu ita kowace shekara. Sunan da ta fi shahara da shi shi ne Botox. Abin da ke cikin sirinjin kuwa, masana sun haɗu a kan cewa babu dafin da ɗan Adam ya sani wanda ya kai shi ƙarfi, kuma kafin ya iso goshin masu neman ado sai da ya yi tafiyar kusan shekara ɗari biyu, ya bi ta madafar talakawan Jamus, ya ratsa barikin soja, ya yada zango a asibitin ido.

Mafarin labarin yana kudancin Jamus, a ƙasar Württemberg, wajen ƙarshen ƙarni na 18. Al'adar manoman wannan yanki ce in sun yanka alade da hunturu su tara jininsa da kitse da tarkacen nama, su ɗura cikin hanji ko tumbi, su tafasa sama-sama, su rataye a hayaƙi, sa'an nan su riƙa yanka suna ci har sanyi ya wuce. Ƙyamar cin jini ba baƙuwa ba ce ko a wurin Nasara, domin kuwa Sarkin Rumawa Leo na shida, wanda ya yi mulki daga 886 zuwa 912, ya taɓa kafa dokar hana irin wannan ɗure bisa hujjar addini. Amma doka daban, yunwa daban, kuma talaka ba ya zubar da abin da zai iya kaiwa baki. A shekarar 1793, a wani gari mai suna Wildbad, mutum 13 suka ci irin wannan ɗure, shida daga cikinsu suka mutu. Da yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan juyin juya halin Faransa suka talauta ƙasar, sai kula ta ragu wajen yanka da dahuwa da ajiya, mace-mace suka yawaita, har a 1802 hukuma ta fitar da sanarwa daga Stuttgart tana jan kunnen jama'a game da ɗuren jini mai hayaƙi.

Abin da ya sa wannan ciwo ya fi sauran gubar abinci ban tsoro shi ne yadda yake sanɗowa a natse. Ba zazzaɓi, ba gushewar hankali. Bayan kwana ɗaya ko biyu da cin abincin, sai mutum ya ji fatar idonsa ta yi nauyi tana saukowa, ya riƙa ganin abu ɗaya ya zama biyu, bakinsa ya bushe ƙayau, murya ta dushe, haɗiya ta gagara. Daga nan mutuwar jiki ta gangaro daga kai zuwa wuya, daga wuya zuwa hannuwa, har ta iso ga tsokar da ke ɗaga ƙirji numfashi ya tsaya, alhali mai ciwon yana ji, yana gane masu kuka a kansa, ba shi da ikon ko da ɗaga musu gira. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan a ransa, cewa cutar daga fuska take farawa, kuma fuskar wanda ta kama takan saki ta yi sumul, ba fushi ba fara'a. Abin da ake sayarwa yau a ɗakunan gyaran fata, in an bi diddiginsa, ɗan gutsure ne na wannan alama, wanda aka yanko aka killace a wuri guda.

Wanda ya fara tsayawa ya dubi ciwon da idon basira shi ne Justinus Kerner, likitan gunduma, haifaffen 1786, wanda ya yi mafi yawan rayuwarsa a garin Weinsberg, kuma Jamusawa sun fi saninsa da waƙa a kan likitanci. Ya fara rubutu a kan mas'alar a 1817. A 1820 ya fitar da littafi mai bayanin majinyata 76, a 1822 ya fitar da wani mai bayanin 155. Zamanin Pasteur da Koch bai zo ba tukuna, ba wanda ya san ƙwayoyin cuta ke haddasa irin wannan, saboda haka ya zaci wani tsami ne da ke fitowa daga lalataccen kitse, kuma a nan ya kuskure. Amma a sauran al'amura ya dace dacewa mai ban mamaki. Ya gane cewa dafin yana samuwa ne a inda iska ba ta shiga, kuma kaɗan ƙwarai ya isa kisa. Ya gane cewa ba ya taɓa hankali, ba ya taɓa jijiyoyin ji, saƙon da ke tafiya daga jijiya zuwa tsoka kurum yake tarewa, har ya kwatanta aikinsa da na tsatsar da ke hana ƙarfe isar da wutar lantarki. Ya tatso ruwan ɗuren ya gwada a kan tsuntsaye da kyanwoyi da zomaye, kuma tun da dabba ba ta faɗin abin da take ji, ya ɗiga a kan harshensa, ya rubuta yadda baki da maƙogwaro suka bushe masa.

Babban abin da ya sa nake ganin Kerner ya cancanci a riƙa ambatonsa shi ne tunanin da ya kawo a ƙarshen littafinsa na 1822. Magabatan likitoci, tun daga na Yunana har zuwa na Musulunci, sun san cewa magani in ya wuce kima dafi ne. Shi kuwa sai ya bi maganar ta ɗaya gefen, ya ce tun da aikin wannan dafi shi ne karya ƙarfin jijiya, ai akwai cututtukan da illarsu ita ce jijiya ta zaƙe, kamar ciwon nan da ke sa gaɓɓai fizge-fizge ba da son mai su ba, saboda haka da za a iya ba da shi ɗan mitsitsi, da ya zama waraka. Mutum ne da ya sha tsayawa a kan gawar waɗanda abin ya kashe, duk da haka bai bar tsoro ya hana shi hango maslahar da ke kwance cikin mafsada ba. Sai dai sanin ƙa'ida ba shi ne mallakar mizani ba, kuma mizanin da zai auna wannan abu bai samu ba sai bayan fiye da shekara 150. Kerner ya rasu a 1862, bai ga ko halittar da ke yin dafin ba.

Wanda ya gan ta shi ne Émile van Ermengem, babban malami a jami'ar Ghent ta ƙasar Beljiyam. A watan Disamba na 1895, a ƙauyen Ellezelles, wata ƙungiyar masu busa da kiɗa ta raka jana'iza bisa al'adar mutanen wurin, da aka gama suka wuce masauki suka ci cinyar alade mai gishiri wadda ba a dafa ba. Da yawansu suka kwanta da irin alamun da Kerner ya siffanta, uku suka mutu. Aka aika wa van Ermengem ragowar naman da wasu sassa na mamatan, ya tsamo wata ƙwayar halitta mai kama da sanda, ya raine ta a kwalba, ya tabbatar cewa dafin da take fitarwa shi ke kisa. Ya buga bincikensa a 1897, ya raɗa mata suna daga botulus, watau ɗuren hanji da Latinanci, ita ce yau ake kira Clostridium botulinum. Halinta abin lura ne. Tana cikin ƙasa kusan ko'ina a duniya, a dunƙule cikin wani kwanso mai jure fari da tafasa, kuma a wannan hali galibi ba ta cutar da babban mutum. Sai ta sami wuri mai laima, marar iska, marar tsami, marar isasshen gishiri, sa'an nan ta farka ta hayayyafa ta zuba dafi. Shi ya sa naman da aka yanka falle-falle aka shanya ya bushe, irin kilishinmu, ba gidanta ba ne, amma cikin kakkauran ɗure, da cikin kwalba ko gwangwanin da aka rufe ba a dafa sosai ba, nan ne fadarta.

Ta wannan ƙofa maganar ta shiga Amurka. A 1919 da 1920 zaitun ɗin Kalifoniya da aka rufe a kwalabe ya kashe mutane a Ohio da Detroit da New York, kasuwa ta girgiza, masu masana'antu suka ɗauki nauyin binciken Karl Meyer da abokan aikinsa, wanda ya haifar da ƙa'idar da ake bi har gobe, ta dafa abincin gwangwani da matsattsen tururi a zafin digiri 121. Ba a daɗe ba sai Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, Amurka ta ji tsoron kada Jamus ta mai da dafin makami, ta tara masana a sansanin soja na Camp Detrick da ke Maryland. A can ne, a 1946, Carl Lamanna da abokansa suka tace shi har ya zama tsantsa, wani masani kuma mai suna Edward Schantz ya ƙware wajen haɗa shi da tsabta iri ɗaya kowane lokaci. A 1949, a Landan, Arnold Burgen da abokansa suka nuna abin da Kerner ya yi hasashe: akwai wani sinadari, asetilkolin, wanda bakin jijiya ke fesa wa tsoka ya umurce ta ta motsa, dafin kuwa hana fitowarsa yake yi. Ba da niyyar jinya aka yi tacewar Camp Detrick ba, wannan gaskiya ce mai ɗaci. Amma abin da ba a tace ba ba ya aunuwa, abin da bai aunu ba kuma ba likitan da zai kusantar da shi ga majinyaci. Da Shugaba Nixon ya rufe shirin makaman cuta a 1969, Schantz ya koma jami'ar Wisconsin a 1972, ya ci gaba da haɗa dafin yana ba masu bincike.

Cikin waɗanda suka karɓa daga hannunsa akwai wani likitan ido na San Francisco, Alan Scott, na cibiyar Smith-Kettlewell, wanda abin da ya dame shi shi ne harara-garke. Kowane ido yana da tsoka shida masu juya shi, suna ja-in-ja bisa adalci, in ɗaya ta rinjayi 'yar'uwarta sai idon ya karkace. Maganin da aka sani shi ne fiɗa, a yanke tsokar a sake ɗinke ta, kuma sau da yawa sai an maimaita. Scott ya yi tunanin cewa da za a sami abin da zai raunana mai rinjayen na ɗan lokaci, da wadda aka danne ta ja idon ya daidaita ba tare da wuƙa ba. Ya gwada abubuwa iri-iri a kan birai, har da dafin maciji, bai sami wanda ke tsayawa inda aka sa shi, ya daɗe yana aiki, bai kuma ɓata nama ba, sai wannan. Ya buga sakamakon a 1973, wajen ƙarshen shekarun 1970 ya fara yi wa mutane, a 1980 ya ba da rahoton abin da ya gani. Ya kuma haɗa allurarsa da wata na'ura mai jiyo motsin lantarkin da ke cikin tsoka, ta yadda zai saurara har ya haƙiƙance bakin allurar yana cikin tsokar da yake nufi kafin ya tura maganin. A hannun wannan mutum ne aka amsa tambayoyi biyu da suka gagari Kerner, watau nawa za a sa, kuma a ina. A nan aka sa wa dafin linzami.

Scott ya kira maganinsa Oculinum, kuma waɗanda suka fi cin gajiyarsa da fari su ne masu wani ciwo da ke sa fatar ido ta riƙa damƙewa da ƙarfi ba da son mai ita ba, har mutum ya zama kamar makaho, ba ya iya tuƙi ko karatu ko ƙetare titi, alhali ƙwayar idonsa lafiya lau take. Irin darajar da allurar ke da ita wurin waɗannan bayin Allah ta bayyana a 1986, sa'ad da rashin inshora ya tsayar da rarraba ta a Amurka na wasu watanni, har wasunsu suka riƙa ƙetarawa Kanada don a yi musu. A watan Disamba na 1989 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi mata lasisi domin harara-garke da damƙewar ido, a 1991 kuma kamfanin Allergan ya sayi haƙƙin, ya sauya sunan zuwa Botox. Don a gane ƙanƙantar abin da ake aunawa, ƙulli guda da Schantz ya haɗa a 1979, wanda bai kai ko kusa da giram ɗaya ba, shi aka yi ta gutsira ana yi wa majinyatan Amurka allura har zuwa 1997.

Har zuwa nan labarin jinya ne tsantsa. Inda ya karkata zuwa ado shi ne birnin Vancouver na Kanada, a 1987, a ɗakin wata likitar ido, Jean Carruthers, wadda ta koyi aikin a wurin Scott. Wata majinyaciyarta mai damƙewar ido ta nuna ɓacin rai cewa ba a yi mata allurar a tsakanin gira ba. Likita ta ce ai wurin ba ya damƙewa, matar ta amsa cewa duk sa'ad da aka yi mata a nan fuskarta takan yi kyau, ta zama kamar ta wadda ba ta da damuwa. Mijin likitar, Alastair Carruthers, likitan fata ne, wanda ya daɗe yana fama da waɗannan layuka biyu na masu zuwa wurinsa, yana cike su da abubuwan da ba sa gamsarwa. Ta kai masa labari gida. Suka gwada a kan ma'aikaciyar da ke karɓar baƙi a asibitinsu, ita ma Jean ta sa aka yi mata, domin mutane sun ƙi yarda a sa musu dafi a fuska sai sun ga goshin likita. Ba su kaɗai suka lura ba, domin a 1989 wani likitan fiɗa na Sacramento, Richard Clark, ya ba da rahoton daidaita goshin wani majinyaci da dafin. Amma su ne suka tsaya suka tara hujja, suka gabatar a taron likitocin fata a 1991, suka buga a 1992, da bayanin mutum 18 kacal. Ba su yi rajistar mallakar dabarar ba, saboda haka dukiyar da ta biyo baya ta bi ta wata hanya dabam.

A watan Afrilu na 2002 hukumar Amurka ta halatta allurar domin layukan tsakanin gira, a 2013 ta ƙara da tamojin gefen ido, a 2017 da na goshi. Yadda ake yi ba shi da wuya a ido: ana narkar da garin da ke cikin 'yar kwalba da ruwan gishiri, a raba awo 20 a wurare biyar tsakanin gira da saman hanci, jimillar dafin kuwa wajen kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Bayan 'yan kwanaki tsokar ta fara kwanciya, bayan mako biyu aiki ya kammala, bayan wata uku ko huɗu jijiya ta yi sabon toho ta dawo da ikonta, layin ya sake bayyana. Wannan hali na gushewa shi ne rahamar abin, domin in hannun mai allura ya goce fatar ido ta sauko, haƙuri na 'yan makonni yakan gyara; shi ne kuma jarin 'yan kasuwa, domin wanda ya saba da ganin goshinsa a miƙe zai dawo sau uku a shekara muddin yana da abin biya. Kamfanoni suka yi ta shigowa da nasu, Dysport daga Ingila, Xeomin daga Jamus, wasu da dama daga Koriya ta Kudu inda gasa ta karya farashi, kuma a 2020 kamfanin AbbVie ya haɗiye Allergan a kan kuɗi wajen dala biliyan 63. Ya kamata a yi adalci a faɗa cewa reshen jinya bai bushe ba: ana yin allurar domin karkacewar wuya, da zufar hammata mai tsanani, da ciwon ɓarin kai mai naci, da mafitsarar da ba ta riƙe fitsari, da sandarewar gaɓɓai bayan shanyewar jiki.

Abin da nake so a natsu a kansa shi ne cewa allurar ba ta taɓa fata, ba ta kuma mai da tsoho yaro. Tamojin da rana da shekaru suka yi, da saɓulewar kumatu, ba ruwanta da su. Tsoka take ɗaurewa, kuma tsokar da aka fara zaɓa ita ce wadda likitan Faransa Duchenne ya kira tsokar zafin rai a 1862, Darwin kuma a 1872 ya sa ta cikin tsokokin baƙin ciki. Ashe ke nan abin da ake gogewa rubutu ne da zuciya ta yi shekaru tana yi, kuma alƙalamin ake karɓewa daga hannunta. Ban raina dalilin matar Vancouver ba ko kaɗan. Akwai mutanen da halitta ta ba su haɗaɗɗiyar gira, ana yi musu kallon masu fushi alhali zuciyarsu fari fat, akwai kuma matan da kasuwar aiki ke yi wa hukunci da shekarunsu, hukuncin da ba ta yi wa maza. Wanda bai ɗanɗani wannan ba kada ya yi gaggawar zargi. Amma da Bahaushe ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, aiki yake nufi, fuskar da ta ga baƙo ta sake domin murnar zuwansa, kuma ba a gane sakewa sai a fuskar da ke iya ɗaurewa. Jariri yana karanta girar uwarsa tun kafin ya san kalma ɗaya, mai makoki kuma yakan gane wanda ya zo ta'aziyya da gaske ta wannan ɗan fili. Likitocin kirki sun san haka, shi ya sa suke rage awo su bar wa gira ɗan motsi.

Malaman fiƙihu ma ba su bar mas'alar ta wuce su ba, kuma da tsohon ma'auninsu suka auna ta, wanda ya bambanta larura da buƙata da ƙawa, ya kuma bambanta gusar da aibi da neman ƙarin kyau. A 2006 majalisar fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana allurar domin ado, ta bar ƙofar jinya a buɗe. A watan Yuli na 2007 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 18 a Putrajaya, ta halatta gyaran da ke mai da gaɓa ga asalin halittarta ko ya kawar da naƙasa, amma ta ce gusar da tamoji da fiɗa ko da allura bai halatta ba sai in ciwo ne ya kawo su, kuma an amince daga cutarwa. Akwai malaman da suka sassauta, suka ce tun da abin gushewa yake yi bai kai ga canza halitta ba, ya fi kama da rinin furfura da lalle, da sharaɗin babu cuta, babu almubazzaranci, babu yaudarar mai neman aure. Wannan sharaɗi na ƙarshe, na tadlisi, ya fito fili ta inda ba a zata ba, domin a bikin raƙuma na Sarki Abdul'aziz a Saudiyya an kori raƙuma 12 daga gasar kyau a 2018, aka kori fiye da 40 a 2021, saboda masu su sun yi musu allurai da wasu dabaru don leɓe ya saki, hanci ya cika. Alƙalan gasar kuwa ba su kira abin da wani suna ba sai algus.

Dafin dai bai sauya hali ba tun zamanin Wildbad, kuma duk inda linzamin ya kuɓuce, tsohon ciwon yakan dawo da kamanninsa ɗaya bayan ɗaya. A 2004, a Florida, an narkar da ɗanyen dafin da aka tanada domin ɗakin bincike aka yi wa mutum huɗu a fuska, da awon da ya ninka na ƙa'ida sau dubbai. Sun rayu, amma sai da injin numfashi ya riƙe su. A 2009 hukumar Amurka ta wajabta rubuta gargaɗi mafi tsanani a jikin kwalin kowane irin wannan magani, cewa yana iya ƙetare inda aka sa shi ya taɓa haɗiya da numfashi. Ingila ta haramta yi wa wanda bai kai shekara 18 ba allurar ado tun watan Oktoba na 2021. A 2023 mutum fiye da 80 suka kamu bayan an yi musu allurar a tumbi, mafi yawansu a Turkiyya, da sunan rage ƙiba, kuma da yawa daga cikinsu mazauna Jamus ne, suka koma gida suka kwanta a asibitocin ƙasar Kerner da nauyin ido, da ganin biyu-biyu, da gagarar haɗiya. A 2024 kuma jabun kwalabe, a hannun waɗanda ba su da lasisi, a gidaje da shagunan kwalliya, suka kwantar da mata a jihohi da dama na Amurka. Makarin dafin yana nan, amma wanda ke yawo a jini kurum yake kamawa. Wanda ya riga ya shiga jijiya sai dai a jira toho.

Shi kuwa Alan Scott, bayan ya sayar da maganinsa bai bi shi zuwa kasuwar ado ba, ya tsaya a kan idanun da suka karkace. A shekarunsa na ƙarshe yana gwada wani maganin kashe zafi mai suna bupivacaine, wanda in an sa shi a tsokar ido takan farfaɗo da ƙarin kauri da ƙarfi, yana fatan a ƙarfafa mai rauni da shi, a sassauta mai rinjaye da dafin, ido ya miƙe ba a yanka yaro ba. Yana kan wannan aiki ajali ya same shi a watan Disamba na 2021, yana da shekara 89.